Kaset Ɗin da Ban Goge Ba

Alhamis, 10 ga Mayu, 2001, bayan La'asar

Da sunan Allah. Na ga ya dace in rubuta yadda al'amarin nan ya faro tun hankalina yana tare da ni, domin tun yanzu na fara jin ana ba da labarinsa ta fuskokin da ban san su ba.

Ni Jibirin, malamin Turanci ne a wata sakandare da ke kan hanyar Gwarzo zuwa Kabo. Na fi kowane malami daɗewa a cikinta, har shugabanta, Malam Zailani, ya zauna a ajina yana yaro. Jarrabawar fita tana da ɓangaren furuci, inda ake son ɗalibi ya bambance sautin kalmomi, alhali yaranmu ba su taɓa jin Turanci a bakin kowa ba sai nawa. Saboda haka na ɗauko rediyona mai kaset daga gida na mayar da ita abokiyar aiki. Nakan naɗi darasi da muryata, wani lokaci kuma in naɗo muryar masu karanta labarai a tashoshin waje, domin kunnen yara ya saba da bakin da ba nawa ba. Kowane darasi da "Say after me" yake farawa, wato ku faɗa bayana. Rediyo ta faɗa, aji ya amsa. Har yara suka laƙaba mini Malam Se-afta-mi, ban kuwa taɓa jin haushin sunan ba.

Sabon kaset ya fi ƙarfin makaranta, ya kuma fi ƙarfina. Tsofaffi nake roƙa wurin jama'a, in toshe ramin bayansu da takarda, in naɗa a kai. Ƙa'idata ita ce in goge kaset daga farko har ƙarshe kafin in sa muryata. To amma wuta ta daɗe ba ta zo ba, batir kuwa na shanya su a rana har shanyar ta daina amfani. Sai na ce bari in naɗa kai tsaye, ai sabo yana cinye tsoho. Yana cinyewa, amma iyakar inda sabon ya tsaya.

Shekaranjiya Talata na kunna wa 'yan ajin ƙarshe darasin, sai lalurar ciwon suga ta fitar da ni. Muryata ta ƙare a kaset, wata murya ta ɗauka daga inda na tsaya. Mai wa'azi ne na coci, Turancinsa tar, kuma cikin ƙaddarar Allah abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne abin da na saba musu da shi: "Say after me." Suka faɗa bayansa. Ba zan rubuta abin da suka faɗa ba. Addu'a ce irin wadda mutum yake yi ranar da zai shiga addininsu. Da sunan Annabi Isa, alaihis salam, ya fito yadda su suke kiransa, wasu suka yi tsit, wasu kuwa bakinsu ya riga hankalinsu. Ina dawowa na ji su ta taga. Naja'atu, 'yar Alhaji Dalhatu mai shagon taki, ita ce ta tashi ta fizge batir tana kuka.

Kaset ɗin yana cikin kwalin da wani abokin aikina ya ba ni. Bahaushe ne kamata, daga ƙauyukan wajen Durun, kakanninsa manoma kamar nawa, sai dai ba alƙiblarmu ɗaya ba. Ba zan sa sunansa a takardar nan ba, Aboki zan riƙa cewa. Ranar da ya miƙo mini kwalin cewa ya yi, "Yaya Jibirin, na marigayiya matata ne, ba na iya sauraronsu. Don Allah ka goge su tas kafin yara su ji." Na ce masa in sha Allahu.

Mutum uku ne suka san daga inda kaset ɗin ya fito: ni, da shi, da mai ɗakina Hajiya Furera.

Juma'a, 11 ga Mayu, bayan an sauko

Liman bai ambaci komai a huɗuba ba, alhamdu lillahi. Wanda ke damata a sahu ya janye ƙafarsa da tawa ta taɓa shi. Wataƙila zafi ne.

Asabar, 12 ga Mayu, da hantsi

Zailani ya zo har gida, Unguwar Tudu. Bai yarda ya hau kujera ba, a tabarma ya zauna kamar yadda ya saba tun yana ɗalibi. Mun daɗe muna gaisawa, har muka gaisa a kan abin da mun riga mun gaisa a kansa.

Daga baya ya ce, "Baba, wallahi the matter is serious. Alhaji Dalhatu ya karɓi kaset ɗin, ya ce amanar al'umma ce. Abu ɗaya suke tambaya: wa ya ba ka?"

Na ce, "Zailani, kasetina daga hannu nawa suke fitowa? Mahaifinka ma ya ba ni na kalangu, tun da aka ƙaddamar da Shari'a ya ce ya tuba."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ni na yarda da kai, Baba. Amma ina da malamai waɗanda ba Musulmi ba, masu bautar ƙasa ma har sun haɗa jaka. Ana kallonsu duka. Ka ba da suna ɗaya, sauran su huta."

Na ce, "Shi ɗayan fa?"

Ya dubi takalminsa.

Litinin, 14 ga Mayu, bayan an tashi makaranta

Bencina da yawa babu kowa. Naja'atu ba ta zo ba. Na koyar da furuci da alli, abin da daidai yake da koyar da iyo a kan tudu. Da na ce su faɗa bayana, babu wanda ya buɗe baki. Na sake faɗa. Suka dubi juna. Ban ga laifinsu ba.

A ofishin malamai Aboki ya taso zai nufo teburina. Na ɗauki hulata na fita. Allah ya sa ya gane.

Talata, 15 ga Mayu, da Azahar

Hadari ya haɗu, iska ta watsa shi. Ban iya cin abinci ba.

Laraba, 16 ga Mayu, bayan Magariba

Maƙwabciyarmu Uwaliya ta aiko a karɓo mata turminta, wanda ya yi shekaru a gidan nan har na ɗauka namu ne. Hajiya ta bayar, sannan ta same ni a zaure.

Ta ce, "Malam, yau har turmi ya guje mu. Kai da kake jan sallar Asuba in liman ya makara, yara na bin babur ɗinka suna se-afta-mi, se-afta-mi, kamar sun ga mahaukacin kasuwa. Ka faɗi sunansa mana! Shi ai addininsa ne, wa zai ce ya yi ridda? Kai fa?"

Na ce, "Ni zagina za a yi. Shi ba zagi za a tsaya yi ba. Za a ce ya shirya ne, ya bi ta hannun tsoho ya kai ga 'ya'yan Musulmi. Kin manta abin da ƙanenki ya gani a Kaduna bara?"

Ta ce, "Ban manta ba. Shi ya sa nake duban rufin ɗakina."

Na ce, "'Ya'yansa mata suna gidajen malamai, ƙofar langa-langa ce tsakaninsu da titi. Ƙaramar a bayanki ta yi barci ranar da aka binne uwarta."

Ta ce, "Kada ka sa ni kuka, Malam, ni ma 'ya'ya gare ni." Ta shiga ciki. Can na ji tana daka yaji a kwano da gindin kwalba, da ƙarfin da ya wuce na yaji.

Juma'a, 18 ga Mayu, da yamma

A tashar Gwarzo mai sayar da kaset ya saki lasifika. Wani matashin mai wa'azi ne da ban san muryarsa ba, yana magana a kan wani malamin boko a yammacin nan da ke cusa wa yara kafirci ta cikin inji. Bai faɗi suna ba. Babu bukata. Mai shayi da mai faci duk suka sami abin dubawa a ƙasa. Na lura kaset ɗin sabo ne fil, babu ko shassheka a cikinsa. Ashe akwai masu samun sabon kaset.

Ina barin tasha dutse ya sami bayan babur. Ban waiwaya ba.

Asabar, 19 ga Mayu, da safe

An rubuta wani abu da gawayi a katangar gida. Na wanke kafin Hajiya ta gani. Ta gani.

Lahadi, 20 ga Mayu, da La'asar

Na tafi ƙauyen Mainika in duba sharar gonata, domin in bar ganin idanu. Ina tsaye a gindin ɗorawa sai ga Aboki ya ɓullo a kan kekensa, ya sha rawani kamar mai zuwa fatauci.

Na ce, "Wa kake ɓoye wa? Keken nan ko makaho ya san ƙararsa."

Ya ce, "Yaya, ka daina ba'a. Gobe zan je wurin dagaci. Kayana ne, ni zan ɗauka."

Na ce, "Kai ka ce in goge. Na goge?"

Ya ce, "Wa zai tambayi wannan? Ni dai ba zan zauna ina cin tuwo ana jifanka ba. Ranar da marigayiya ta rasu, wa ya tsaya a bakin kabari cikin mutanenku in ba kai ba?"

Na ce, "To don na tsaya a ɗaya sai ka sa ni tsayawa a na biyu? In ka je wurin dagaci, da yamma labari ya kai tasha. Dagaci mutumin kirki ne, amma ba shi ke kwana a ƙofarka ba."

Ya zauna a kan kunya ya rufe fuska da rawanin. Ya ce yaransa sun daina zuwa rijiya. Ya ce babbar ta tambaye shi ko su ne ake nema. Na roƙe shi ya ba ni mako ɗaya. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Na sa shi ya riga ni tafiya, ya bi wata hanya.

Talata, 22 ga Mayu, bayan Azahar

Yau Liman, Malam Muhammad Nur, ya zo makaranta da dattawa domin ya ji daga bakin yara, saboda iyaye suna tambaya ko 'ya'yansu sun fita daga Musulunci. Tsoho ne mai sanyin magana, ba ya jin Turanci ko kaɗan. Aka zaunar da ajin a inuwar darbejiya, maza gaba, mata baya.

Ya kira wani yaro Jalo, ya ce, "Ɗana, me kuka ce a cikin Turancin nan?"

Jalo ya ce, "Allah gafarta Malam, cewa muka yi wani ya shigo cikin hat ɗinmu."

"Mene ne hat?"

"Malafa, Allah gafarta Malam."

Wani ɗalibi, Mahbub, ya ɗaga hannu daga gefe, ya ce, "Ƙarya yake, Allah gafarta Malam, ba malafa ba ce. Bukka ce."

Jalo ya ce, "Kai da ka ci sifili a gwaji!"

Liman ya juyo gare ni. "Malam Jibirin, malafa ce ko bukka?"

Na ce, "Zuciya ce, Allah gafarta Malam. Kalmomi uku ne na Turanci masu kama da juna a kunne."

Dattawa suka yi dariya, wasu har da share hawaye. Liman ya ce wanda ya furta abin da bai san ma'anarsa ba, bai kuma nufe shi ba, babu komai a kansa. Ya sa suka yi kalmar shahada domin zukatan iyaye su kwanta. Na gode wa Allah. Amma zango guda cur na yi ina bambance musu waɗannan kalmomi uku da rediyon nan. Yau rashin ganewarsu ne ya wanke su, ni kuwa ina tsaye ina murna da shi.

Alhaji Dalhatu bai yi dariya ba. Ya miƙe ya ce, "Allah gafarta Malam, waɗannan malafa suka ji. 'Yata ba malafa ta ji ba. Ta gane sarai, tun ranar ba ta barci, tana tambayata ko sallarta tana karɓuwa. Wanda ya kawo kaset ɗin nan ya san zuciya ake nufi. Muna son sunansa."

Ban ƙi mutumin nan ba. Uba ne da ya tsorata. Kuma 'yarsa ce kaɗai ta koyi abin da na koyar.

Laraba, 23 ga Mayu, da hantsi

Dagaci ya sa taro ranar Asabar a filin makaranta, iyaye da malamai duka. An ce za a kawo Alƙur'ani.

Laraba, da La'asar

Ba zan rantse a kan ƙarya ba. Ba zan faɗi suna ba. Na juya waɗannan biyun tun safe, ban ga ƙofa tsakaninsu ba. Suga ya hau.

Alhamis, 24 ga Mayu, bayan La'asar

Na je gaida Liman. Na same shi yana gyara alƙalami da aska. Ban tambaye shi komai ba, shi ma bai tambaye ni ba. Muka yi zancen jinkirin damina. Can sai ya ce, kamar mai karanta wa ɗalibai, "Jiya muna babin kyauta. Malamai sun ce idan mutum ya ba ka abu, ka karɓa ka kai gidanka, ya fita daga mulkinsa ke nan. Ya zama naka, ba na kowa ba. Ko gaban alƙali aka je, naka ne."

Na ce, "Ko da abin ba mai kyan ajiyewa ba ne?"

Ya ce, "To, nan kuma sai mai shi ya ɗauki nauyin ajiyarsa. Nauyin yana da yawa ga mai furfura, Malam Jibirin. Mutane ba sa mantawa." Ya hura alƙalamin ya duba bakinsa. "Ni ban ce komai ba. Karatu muke."

Na yi masa sallama.

Juma'a, 25 ga Mayu, da yamma

Na gaya wa Hajiya abin da zan yi. Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce, "Za su ce mijina mai ajiye wa'azin coci ne." Na ce za su ce. Ta ce, "Har jikoki." Na ce har jikoki. Ta tashi ta ciro farar rigata ta sallah, ta hura gawayi a dutsen guga.

Ina tsoro. Na rubuta ne domin kada wata rana in ce ban ji ba.

Asabar, 26 ga Mayu, bayan La'asar

An yi taro. Filin ya cika, har da waɗanda ba su da ɗa a makarantar, samari tsaitsaye a bakin katanga. Malamai suna can baya a kan benci, Aboki a cikinsu.

Na yi alwala. Liman ya miƙo Littafi, na ɗora hannu na ce, "Na rantse da Allah da wannan Littafi, kaset ɗin nan nawa ne, ba na kowa ba. Hannuna ne ya sa shi a rediyo. Babu wanda ya umarce ni, babu wanda ya san zan kunna shi."

Wuri ya ɗauki salati. Alhaji Dalhatu ya ce, "Naka? Kai da kanka, Malam Jibirin, kake ajiye irin wannan a ɗakinka?"

Na ce, "Nawa ne, Alhaji."

"Daga ina ka same shi?"

Liman ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba, "An nemi mai shi, mai shi ya rantse. Bayan rantsuwa babu tono."

Dagaci ya yanke cewa a ƙona kaset, rediyo kada ta sake shiga aji, ni kuma in ajiye alli. Ya ce duk wanda ya taɓa wani, ko gidansa, da shi yake yi. Na ce, "Ranka ya daɗe, na karɓa. Zan koma gona." Wani daga bakin katanga ya tofar da yawu. Mutanen da na koyar da su, na koyar da 'ya'yansu, suka riƙa kallona kamar yau suka fara ganina. Wannan ya fi dutsen tasha zafi.

A nan ne na hango Aboki. Ya dafa benci, ya fara miƙewa, bakinsa a buɗe. Zailani ma ya gan shi, fuskarsa ta canja. Na yi sauri na nemi izinin kalma ta ƙarshe, dagaci ya ba ni. Ga abin da na ce, kuma ban rufe baki ba sai da na ga ya koma ya zauna:

"Ranka ya daɗe, Allah gafarta Malam, iyaye da abokan aiki. Ina neman afuwar duk wanda hankalinsa ya tashi ta dalilina, musamman Alhaji Dalhatu da 'yarsa, wadda ban taɓa koyar da mai kaifin kunnenta ba. Jarrabawa ta ƙarato, ina roƙon a mayar da yara aji ranar Litinin. Sannan ina da roƙo ɗaya da ya fi wannan nauyi. Na ɗora hannuna a kan Littafin Allah a gabanku. Duk wanda yake ganin yana da wata magana da zai ƙara a kan tawa, ko don ƙi ko don ƙauna, ya sani cewa in ya furta ta, ya mayar da ni maƙaryaci a idon jama'a, ya kuma sa na zubar da aikina da sunana a banza. Ban cancanci haka daga maƙiyi ba, balle daga masoyi. Saboda haka, cikin girmamawa, ina neman haɗin kan kowa, babba da yaro, na nan gaba da na can baya. Kowa ya zauna inda yake zaune, har mai girma dagaci ya sallame mu."